Shekara guda da ambaliyar Derna: guguwa ce ta ci mutane ko sakaci?

Injiniya Bashir:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar da madatsar Alau ta kusa da Maiduguri ta ɓalle hankalina ya koma kan Derna. Ku duba kwanan wata: daren 10 ga Satumba 2023 wayewar 11 ruwa ya ci Derna, shekara na zagayowa, 10 ga Satumba 2024, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa. Shi ya sa nake so mu zauna a kan maganar.

Ga wanda ya manta, Derna gari ne a gaɓar tekun Bahar Rum, gabashin Libiya, mutanensa kimanin 100,000. Bayansa duwatsu ne, kuma akwai wani kwari da ya gangaro daga duwatsun ya tsaga garin biyu ya faɗa teku. A shekarun 1970 wani kamfanin Yugoslabiya ya gina madatsu biyu a kan kwarin, babba can sama kimanin kilomita 13 daga gari, ƙarama kuma dab da bakin gari. An gina su ne don kare garin, domin ambaliya ta sha yi musu ɓarna, musamman ta 1959.

Guguwar da aka sa wa suna Daniel ta fara da Girka da Turkiyya da Bulgeriya a farkon watan, ta tsallako teku tana ƙara ƙarfi da ɗumin ruwa, ta sauka a gabashin Libiya. A garin Baida an auna ruwan sama milimita 414 cikin awa 24, wato kusan rabin abin da Kano ke samu a damina guda. Wajen ƙarfe 3 na dare babbar madatsar ta fashe, ruwanta ya gangaro ya yi gaba da ƙaramar. An ƙiyasta ruwa kubik mita miliyan 30 ne ya afka wa mutane suna barci. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu kimanin 8,000 sun ɓata, fiye da 40,000 sun rasa matsuguni.

Ni dai abin da na gani, guguwa ta kawo ruwa, amma abin da ya kashe mutanen nan madatsu ne da aka bari suka lalace. Tun 1998 aka san sun tsattsage. A 2007 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar gyara, aikin bai kammala ba. A 2022 wani malamin jami'ar Omar Al-Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta ƙarara cewa idan aka samu babbar ambaliya ba a gyara madatsun ba, mutanen kwarin da na gari za su shiga bala'i. Shekara guda kacal tsakanin rubutunsa da faruwar abin.

Ustaz Nura:
Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya saka da alheri da wannan bayani. Sai dai ina jin tsoron lafazin nan na cewa madatsu ne suka kashe su. Wanda kwanansa ya ƙare ba abin da zai tsayar da shi. Ruwan da ka ce ya sauka, wace madatsa ce za ta riƙe shi? Kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne. Mu yi musu addu'a, kada mu mayar da musiba abin neman wanda za a tsine wa.

Injiniya Bashir:
Allah gafarta Malam, ban musa ƙaddara ba. Kuma tambayarka tana kan hanya: mai yiwuwa ko da an gyara su ruwan ya fi ƙarfinsu ya haura ta sama, don madatsun na ƙasa da duwatsu ne, irinsu da zarar ruwa ya haura ya fara cin bayansu sai rushewa. To amma ko a hakan, ai an san guguwar na tafe kwanaki kafin ta iso. Me ya hana a kwashe mutanen da ke bakin kwari? Abin da aka yi shi ne an sa dokar hana fita, aka fi mai da hankali kan waɗanda ke bakin teku, ana tsoron igiyar ruwa. Ruwan kuwa ta baya ya zo, daga duwatsu. Shugaban hukumar yanayi ta duniya na lokacin, Petteri Taalas, da bakinsa ya ce da akwai tsarin gargaɗi mai aiki da an kauce wa yawancin asarar rayukan.

Ustaz Nura:
Wannan kam na yarda. Sayyidina Umar ma da aka gaya masa annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wanda aka ba amanar gyara ya ci kuɗin ko ya yi sakaci, akwai hisabi a kansa. Lafazin kawai nake so mu kiyaye.

Isuhu Bengazi:
Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba, amma wannan na gani da idona. Ni mutumin Damagaram ne, shekara tara ina aikin gini a Bengazi. Kwana uku bayan abin, maigidana Balarabe ya cika babbar mota da ruwan sha da barguna da shebur, ya ce wa zai bi shi. Mu huɗu muka bi shi. Tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba sai da ta ci mana yini, don hanyoyi sun yanke, sai zagaye.

Abin da ba zan manta ba shi ne motocin da muka haɗu da su a hanya. Daga Misrata, daga Tarabulus, daga Zawiya, daga Sabha. Mutanen da shekara uku huɗu baya suna harbin juna, ga su a layi ɗaya da kayan agaji. Su suna kiran abin "faz'a", wato a ji kukan ɗan'uwa a zabura ba tare da an jira gwamnati ba. A gidajen mai ana miƙo mana burodi da kifin tuna ba a karɓar ko sisi.

Da muka shiga garin, wari ne ya fara tarbar mu. Tsakiyar garin babu shi, kamar an sa katafila an share. Wurin da aka ce mana benaye ne masu hawa biyar shida, fili ne na jar laka da duwatsu. Na ga mota a liƙe a barandar bene hawa na biyu, kamar an murɗe gwangwani. Teku kansa ya koma ja. Gadojin da suka haɗa gabas da yammacin gari duk sun tafi, wanda ke wancan ɓangare bai san halin da ɗan'uwansa ke ciki a wannan ɓangaren ba.

An kai mu wani gida mu tono. Laka ta cika ɗakin ƙasa har kusa da silin. Muna haƙa da shebur, in mun ji laushi sai mu ajiye mu sa hannu. A nan muka fito da wata tsohuwa da yara biyu. Ɗanta yana tsaye a bakin ƙofa, bai yi kuka ba, sai dai ya cire rigarsa ya rufe fuskar mahaifiyarsa ya ce mana "barakallahu fikum". Kwana shida na yi a can. Har yau idan aka yi ruwa da dare ba na iya barci.

Hajiya Maman Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isuhu, Allah ya sa a mizani. Ina karantawa ina hawaye, don warin nan da kake faɗa yanzu haka yana cikin hancina. Ni a Gwange nake, a Maiduguri. Daren da ruwa ya zo mana maƙwabci ne ya buga ƙofa, kafin in ɗaura zani ruwa ya kawo gwiwa. Na goya ƙaramin, babban ya ɗauki kakarsu, ko takalmi ban sa ba. Yanzu muna gidan yayata, mu goma sha bakwai a ɗaki biyu.

Injiniya Bashir:
Sannu Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kowa lafiya dai?

Hajiya Maman Khalil:
Rai dai da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai keken ɗinkina da buhunan gero biyu da takardun makarantar yara, duk sun tafi. Abin da ya fi ci mini rai, tun kwanaki kafin nan mutane ke cewa dam ya cika, ana ta raɗe-raɗi a kasuwa. Mahaifiyata ta ga ambaliyar 1994, ita ce ke ta cewa mu tattara kaya, muna ce mata ai da akwai matsala da an sanar. Da an zo da lasifika unguwa-unguwa an ce ku tashi, da mun tashi da kayanmu.

Malama Rabi:
Hajiya kin taɓo inda nake so in yi magana. Lasifikar nan da kike faɗa ita ce ta ceci Bangaladash. Ina koyar da labarin ƙasa, kullum da su nake ba ɗalibai misali. A 1970 guguwa ta kashe musu aƙalla mutum 300,000 a gaɓar teku. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Amma da guguwar Sidr ta zo a 2007, ita ma mai ƙarfin gaske, waɗanda suka rasu dubu uku da ɗoriya ne. Ba don sun yi arziki ba. Sun horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka, maza da mata, kowa ya san gidajen da zai bi da lasifika da tuta, sun kuma gina mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne. Mutum ya san mai kiran nasa, ya san inda zai je. Libiya mai man fetur ta rasa wannan, Bangaladash matalauciya ta same shi.

Sadik Zariya:
Ni fa ina ganin kun bar babban mai laifi. Masana da suka yi nazarin guguwar Daniel sun ce ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa a Libiya har zuwa sau 50. Su wa suka ɗumama duniyar? Ƙasashen da suka ƙona gawayi shekara ɗari biyu. Sannan su wa suka rusa Libiya a 2011? NATO. Kamfanin da ke gyaran dam ɗin ai yaƙin ne ya kore shi. Sai a zo ana kama ƙananan ma'aikata.

Alhaji Mai Taya:
Ɗana Sadik, tsaya. Tsagewar dam tun 1998, lokacin Gaddafi na kan mulki da kuɗi kamar ƙasa. Daga 1998 zuwa 2011 shekara nawa ke nan? NATO ce ta hana shi? Ban wanke Turawa ba, amma kada mu riƙa ɗora musu har abin da hannunmu ya yi.

Sadik Zariya:
Baba Alhaji na ji, amma a lokacinsa aka ba da kwangilar gyaran ai. Bayansa ne ƙasar ta zama gwamnati biyu, ɗaya a Tarabulus ɗaya a gabas. Ita Derna kanta 'yan IS sun riƙe ta a 2014, mayaƙan garin suka kore su, sannan sojojin Haftar, mai iko da gabashin ƙasar, suka yi mata ƙawanya suka kama ta da yaƙi a 2018 zuwa 2019. Garin da ke cikin wannan hali wa zai tuna da dam?

Injiniya Bashir:
Ku biyun kowa na riƙe da ɓangare. Sadik, zafin teku gaskiya ne, kuma shi ya sa lissafin da aka gina tsofaffin madatsu a kansa ya daina aiki. Wanda ya zana madatsa a 1970 ya duba tarihin ruwan da ya gabata ne, ruwan yanzu kuwa ya wuce wannan tarihin. Amma hakan ƙarin dalili ne na a duba su, ba uzuri ba. Kuma ba sai ƙasa ta rushe ake samun irin wannan ba. A 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa New Orleans a Amurka, katangun tare ruwa da injiniyoyin sojan ƙasar suka gina suka ɓalle a wurare da dama, kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, mutum fiye da dubu suka mutu. Bincike ya nuna akwai kuskure a zanen katangun. Can ma talakawa da tsofaffi da marasa mota ne suka fi mutuwa.

Nas Hadiza:
Ina so in koma kan maganar Malam Isuhu, batun gawarwaki. A kwanakin farko an binne ɗaruruwa a manyan ramuka cikin gaggawa, saboda tsoron annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Red Cross sai da suka fito suka roƙa a daina. Mutane da yawa ba su san wannan ba: gawar wanda ruwa ko gini ya kashe ba ta haddasa annoba, don ba cuta ce ta kashe shi ba. Abin tsoro shi ne ruwan sha da ya gauraya da na masai, shi ke kawo gudawa da kwalara. Idan aka binne mutum ba hoto, ba lamba, ba a rubuta kayan jikinsa ba, an bar danginsa cikin zullumi har abada. Matarsa ba ta san ko ta yi takaba ba, ba a raba gado ba, uwa kullum tana sauraron ƙofa.

Ustaz Nura:
Malama Hadiza, amma shari'a ta yi umarni da gaggauta binne mamaci. Kuma a halin larura an halatta haɗa mutum biyu ko uku a kabari ɗaya, an yi haka ga shahidan Uhudu. Ba zan ga laifin waɗanda suka ga gawa na kumbura a rana suka rufa mata asiri ba.

Nas Hadiza:
Allah gafarta Malam, ni ma ban ga laifinsu ba, sun yi iya abin da suka sani. Ba cewa nake a ajiye gawa mako guda ba. Minti biyar ya isa: a ɗauki hoton fuska da waya, a ɗauki na tufafi da zobe ko wani tabo, a rubuta lamba a leda a ɗaura a hannu, a rubuta lambar a littafi da wurin da aka sa shi. Shi ke nan. Sauri da tsari ba sa karo. Ina ma malamai za su riƙa faɗar wannan a masallaci, don ku ake ji, ba mu ba.

Ustaz Nura:
Wannan ba ya saɓa wa komai, hasali ma kiyaye haƙƙin magada ne da na matar da aka bari. Zan yi magana a kai ranar Juma'a in sha Allahu.

Isuhu Bengazi:
Maganar Malama gaskiya ce. A Martuba, wajen Derna, aka binne da yawa. Daga baya hukumar neman ɓatattu ta riƙa tono su tana ɗaukar samfur, dangi kuma su je a ɗauki nasu a gwada. To ɗan Libiya yana da wanda zai je. Baƙo fa?

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Derna cike take da baƙi ma'aikata. Misirawa sun fi yawa, ƙauye ɗaya a Bani Suwaif ya rasa sama da mutum 70. Akwai 'yan Sudan da yawa da suka gudo daga yaƙi, wata biyar da fara shi. Mu 'yan Nijar mun fi yawa a kudu da yamma, amma akwai namu a can, masu gadi, masu aikin gona, leburori. Kuma baƙo a ina yake kwana? A ɗakin ƙasa, a gareji, a shagon da yake aiki, a kangon da yake ginawa. Wuraren da ruwa ya fara cikawa ke nan. Mafi yawa ba fasfo, ba wanda ya rubuta sunansu lokacin da suka shigo, sai laƙabi kawai. Wanda ba a ƙirga shi yana raye ba, yaya za a ƙirga shi ya mutu?

Akwai wani yaro daga wajen Tanut, yana gadi a wani gini kusa da kwarin. Sati biyu kafin abin ya turo wa mahaifiyarsa kuɗi ta hannuna. Na neme shi asibiti, na duba hotunan da aka lilliƙa, ban gan shi ba. Ginin ma babu shi. Har yau tsohuwar tana sa a kira ni duk wata.

Hajiya Maman Khalil:
Wayyo Allah. Me kake ce mata?

Isuhu Bengazi:
Ina ce mata ana nema, Hajiya. Ban iya ce mata komai bayan wannan ba.

Alhaji Mai Taya:
Allah ya bayyana shi. Malam Isuhu, ina da tambaya kan kuɗi, don ni a nan nake da shakka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 71 na agajin gaggawa. Majalisar dokokin gabas ta ware dinari biliyan 10. A watan Janairun 2024 Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce gyaran zai ci dala biliyan 1.8. Sannan aka ɗauki asusun sake ginin aka damƙa wa Belƙasim, ɗan Khalifa Haftar, masu suka na cewa ba mai duba yadda ake kashewa. Shin talakan Derna ya ga wani abu a hannunsa?

Isuhu Bengazi:
Alhaji, zan faɗi abin da na sani tsakani da Allah. An raba cek: dinari 100,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 50,000 ga wanda nasa ya lalace, 20,000 ga wanda ya rasa kayan ɗaki. Wasu sun samu, wasu suna ƙorafi sunansu bai fito ba, masu haya kuma sun fi shan wuya. A cikin baƙin da na sani ba wanda ya samu ko dinari ɗaya, sai abinci da bargo a makonnin farko.

Aiki kuwa ana yi, ba zan ɓoye ba. Na koma watan jiya. An kwashe ɓaraguzai, ana gina gadoji, ana ta da gidaje, an shimfiɗa kwalta, dare da rana injuna na aiki. Kamfanonin Masar sun cika garin. Yaranmu da yawa ma can suka koma neman aikin yini. Ko nawa aka kashe, ko nawa ya shiga aljihu, wannan ya fi ƙarfin sanina. Kuma a can ba a tambaya da ƙarfi.

Sadik Zariya:
Ai an ga abin da ya faru da suka tambaya. Ranar 18 ga Satumba, mako guda bayan ambaliyar, mutanen garin suka taru a masallacin Sahabbai suna neman a yi bincike, har aka ƙona gidan magajin gari. Washegari waya da intanet suka ɗauke, hukuma ta ce igiyar sadarwa ce ta yanke, aka kuma ce 'yan jarida su fita.

Injiniya Bashir:
Amma a yi adalci, an yi shari'a. A watan Yulin 2024 kotu a Derna ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27. Za ka iya cewa manyan ba su shiga hannu ba, kuma mutanen garin da yawa haka suke cewa. Duk da haka mutum 12 sun tsaya gaban alƙali saboda dam. Mu a nan, a cikin duk ambaliyar da muka sani, wa aka taɓa gurfanarwa?

Ni abin da ya fi damuna a sake ginin shi ne kwarin kansa. Gada da fenti kowa na gani, shi ya sa ake fara su. Amma idan aka bar mutane suka sake gini a hanyar ruwa, ba a bar masa fili mai faɗi da zai wuce ba, ba a sa na'urar auna ruwa can sama da za ta ta da jiniya a gari ba, to an gyara fuska ne kawai. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Alhaji Mai Taya:
To ni ga abin da ya kawo ni. 'Yan kasuwarmu sun haɗa kuɗi don Maiduguri, an ce a sayi shinkafa da atamfa a cika tirela. Ni na ce a tsaya tukuna. Hajiya, ke da abin ya shafa, me ya fi?

Hajiya Maman Khalil:
Alhaji, Allah ya saka. A kwana ukun farko dafaffen abinci da ruwan sha muka fi buƙata, don ɗanyar shinkafa ba tukunya ba itace ba ta da amfani. Yanzu kuwa gaskiya kuɗi ya fi. An kawo mana tsofaffin kaya buhu-buhu, har da rigunan sanyi da takalma ƙafa ɗaya, alhali abin da nake nema maganin hawan jinin mahaifiyata ne da audugar mata ga 'yan matana, abin da ba wanda ke tunawa da shi kuma ba mai iya roƙa a gaban maza. Da za a ba ni kuɗin keke, da na koma ɗinki na ciyar da kaina.

Kuma don Allah ku zo da kanku ko ku aiko wanda kuka yarda da shi. Na yi layi tun asuba har la'asar a wani wurin rabo, aka rubuta sunana sau biyu, ban samu ko gwangwani ba. Ina tsaye na ga ana loda katan-katan a wata mota ta baya. Waɗanda ke sansani ana ganinsu, mu da muka raɓa a gidajen dangi kamar ba mu. Masu masaukinmu ma abincinsu ya ƙare.

Nas Hadiza:
A ƙara da sinadarin tace ruwa da sabulu da gidan sauro, Alhaji. Rijiyoyi da burtsatse sun gurɓace, kuma bayan ruwa ya janye sauro ke biyowa. Waɗannan ko kuɗi na hannu ba lallai a same su a kusa ba.

Malama Rabi:
Ni ina da ja kaɗan kan kuɗi zalla. Idan kasuwa ba ta dawo ba, ko kaya sun yi tsada, kuɗin narkewa yake. Kasuwar Monday ma ruwa ya shige ta. Sannan a wasu gidaje idan kuɗi ya shiga hannun maigida ba lallai ya kai tukunya ba. A raba biyu, kuma na kuɗin a ba mata a hannunsu.

Alhaji Mai Taya:
Na ji duka. Zan kai wa kwamiti gobe: rabi kuɗi a hannun mata, rabi magani da sabulu da gidan sauro, kuma mutum uku daga cikinmu za su bi kayan. Hajiya zan neme ki ta akwatin sirri ki haɗa mu da mai unguwarku.

Injiniya Bashir:
Malam Isuhu, ban manta da yaron nan ba. Red Cross da Red Crescent suna da sashen haɗa dangin da suka rabu, kuma suna aiki a Nijar. Idan wani daga danginsa ya je ofishinsu a Damagaram ya buɗe takardar nema, da cikakken sunansa da hoto da ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe, su ne za su iya tuntuɓar ɓangaren Libiya. Ban ce za a same shi ba, amma aƙalla sunansa zai shiga littafi.

Isuhu Bengazi:
Na gode Injiniya, ban san da wannan ba. Hoto akwai guda ɗaya a wayata, wanda muka ɗauka ranar sallar layya. Cikakken sunan ne sai na tambaya, mu da laƙabi muka san shi. Yayansa yana zuwa kasuwar Tanut, zan sa a nemo mini lambarsa daren nan. Ranar Asabar kuma akwai motar siminti da za ta Derna, zan bi ta in sake tsayawa a Martuba.